Saukar Baba Na-Jirgi

"Ɗaga ta wajenka, Mahauci. A'a, ba haka ba, ka manna ni da bango," in ji Kafinta.

Mu huɗu ne a kwanar bene, kujera a hannunmu, Baba Na-Jirgi yana zaune a kanta cikin farar rigarsa ta sojan ruwa wadda maɓallanta suka ƙi haɗuwa a kan ciki. Ni da Direba muna ta ƙasa, nauyin duk ya sauko mana a kafaɗa. Mahauci da Kafinta suna ta sama, sun rungumi bayan kujerar. Kujerar kam da ta wuce. Ƙafar Baba ta dama ce ta ƙi. Tun zamanin yaƙi gwiwar nan ba ta lanƙwashewa, ga ta nan miƙe kamar taɓarya, tafin ya tokare bango, kwanar kuwa ba ta da faɗin da za a juya.

"Sare ta kawai, Mahauci," in ji Baba yana haki. "Ai sana'arka ce."

"Baba, wannan naman ko kyauta na bayar ba mai karɓa."

Muka yi dariya, dariyar ta ƙara rage mana ƙarfi. Kafinta ya ce a kwantar da kujerar baya, ƙafar ta kalli sama. Muka gwada. Ana kwantar da shi numfashinsa ya tsaya a wuya, idanunsa suka firfito, ya shiga kamo iska da hannu. Ruwa ne ya cika masa jiki. Likita ya ce zuciyar ta gaji, wata da watanni ke nan ko barci a zaune yake yi.

"Ku mayar da shi," in ji Auta daga saman matakala. 'Yarsa ce, ita ke jinyarsa. Ba ta ɗaga murya ba. "Don Allah ku mayar da shi ɗaki. Ya isa haka."

A tsakar gida kuwa an jera kujerun haya. Hafsoshi uku cikin fararen kaya suna zaune a gaba, mai busa ƙaho yana tsaye a gefe, matan gidan da 'ya'yansu duk an yi wanka an fito. Rundunar sojan ruwa ce ta tuna da tsofaffinta da suka rage, ta aiko a karrama shi. Muka mayar da Baba sama da baya-baya. Babban hafsan ya hau, ya sunkuya ya shiga, ya tsaya tsakanin gado da bokitin wanki ya karanta abin da ya zo da shi. Ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu. Ya ce Baba ya fuskanci abokan gaba ido da ido bai ja da baya ba. Ya maƙala masa lambar yabo a ƙirji, ya sara masa. Direba ya leƙa ta tagar matakala ya yi wa na ƙasa alama, mai ƙaho ya busa, mutane suka tafa wa abin da ba su gani ba.

Da aka watse, Baba ya ce in tsaya.

"Walda, ka ji abin da ya ce? Ido da ido."

"Na ji, Baba."

"Ni ban taɓa ganin idon abokin gaba ba. Ko ƙeyarsa ban gani ba. A ɗakin inji nake, can ƙarƙashin ruwa. In an fara, sai a rufe mana ƙofa ta waje, ƙofar ƙarfe mai murɗi, don in ruwa ya shigo wajenmu kada ya ci sauran jirgin. Yaƙin nan jinsa na yi a jikin ƙarfe, kamar maƙwabta suna faɗa a ɗakin gefe."

Ni mai walda ne. Shagona yana ƙasan gidan, ƙofarsa ta kalli titi, ɗakina yana bayansa. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina sayen tsofaffin littattafai a bakin titi, ina karantawa in aiki ya yi sauƙi. Ina da wani hali da matata ta tsana: ba na iya barin magana ta kwanta. Ta ce ina iya yini ina yi wa ƙusa shari'a, ko laifinta ne ko na guduma. Baba kaɗai ke jure wannan halin nawa, shi ya sa nake yawan hawa wajensa.

Da ya bar aikin soja, gyaran inji ya kama. Injin ruwa, injin niƙa, janareta, duk abin da ke shan mai yana kuka a unguwar nan ya taɓa ratsawa ta hannunsa. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kafa kunne a kan mariƙin, ya rufe ido. Haka na fara ganinsa ina saurayi, yana durƙushe a kan gwiwa guda, ɗaya ƙafar miƙe a gefe. Gidanmu hawa uku ne na haya, ɗakinsa kuwa guda ne a can ƙoli, wanda mai gida ya ɗora daga baya, matakalarsa siririya mai kwana. Mutane sun sha tambayarsa me mai ƙafa ɗaya da rabi yake nema a saman nan. Ba ya ba su amsa. Ni ya gaya mini, a wannan yammacin, da lambar yabon tana jan rigarsa ƙasa.

An harbi jirginsu. Su uku ne a ɗakin inji, aka murɗe ƙofa kamar yadda doka ta ce. Wuta ta ɗauke. Ruwa ya taso har ƙirji, wani ƙarfe ya faɗo ya danne masa gwiwa. Suka riƙa buga jikin jirgi da sifana don na sama su san akwai masu rai. Bai san tsawon lokacin ba. Daga baya aka yanke ƙarfen da ke kansu, aka zuro igiya. Su biyu aka jawo da rai.

"Wanda ya murɗe ƙofar abokina ne," in ji shi. "Kwano ɗaya muke ci. Kuma daidai ya yi, Walda. Da ni ne a waje, da na murɗe. Sai dai daidai ɗin nasa bai rage mini duhun ba ko kaɗan. Da na fito na ce ba ni ba kwana a ƙasa. Inda ya fi ko'ina tsawo, nan zan kwana." Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi tagar. "To ga ni."

Tagar tana kallon tsakar gida. Da can ana hango rabin gari ta cikinta, amma an yi wani dogon gini a bayan katangarmu, yanzu bango kawai ake gani, fari, da tabon ruwan sama. Ƙarafan da ke jikin tagar ni na sa su, shekarun baya, lokacin da ɓarayi suka dame mu, Auta ta ce a sa. Baba ya kusa shekara bai taka ƙasa ba.

"Ka yanke ƙarafan nan," ya ce. "Ka kafa hannun ƙarfe a rufi, ya leƙo waje. Ka samo wilin tsohon babur ka cire tayar, igiya za ta bi ta kwarinsa. Na ga an sauke injin da ya fi ni nauyi sau goma daga jirgi zuwa kwalekwale, teku yana rawa. Ni kuma me ne ne? Buhun ruwa."

Na ce zan yi magana da Auta.

A matakala na same ta washegari, da bokiti biyu, ta tsaya a kwanar tana hutawa. Ta bar mijinta da 'ya'yanta a wata unguwa ta dawo nan tun da ciwon ya kwantar da uban. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi, a ƙasan gadonsa take shimfiɗa tabarma. Ta saurare ni har na gama.

"Yaya, kai ma har da kai?"

"Shi ya nema."

"Jiya ma ya nemi gishiri a abinci, na hana. Shekaranjiya taba ya nema. In duk abin da ya nema zan ba shi, da tuni mun yi zaman makoki." Ta gyara ɗankwalinta. "Na tambayi likita. Ya ce zuciyar nan ko tsoro mai ƙarfi na iya tsayar da ita. Ka rataye mini uba a sama kamar guga, zuciyarsa ta tsaya a tsakiya, sai mu ce wa ya kashe shi? Kai? Ni? Igiya?"

Na karɓar mata bokiti ɗaya na kai sama.

Maganar ta zauna mini a kai. Ina walda ina juya ta, har na ƙona ƙyauren wani mutum a wuri biyu. In na bar shi a sama ya mutu, ba wanda zai ce na yi komai, don ban yi komai ba. In na sauke shi ya mutu a igiya, hannuna ne a kan igiyar. Amma mutuwar guda ce, kuma mai ita ya faɗi wadda yake so. To kwanakin da suka rage wa mutum, nasa ne shi kaɗai, ko akwai rabon wadda ke wanke masa jiki kullum? Na duba ta nan Baba ne da gaskiya, na duba ta can Auta ce. Matata ta ce in ci abinci ko in tashi mata daga kan tabarma.

Ran nan Baba ya jira Auta ta tafi sayen magani, ya sa aka kira ni.

"Ba za ta dawo da wuri ba, akwai layi. Kira Mahauci da Direba. Kafin ta dawo ina ƙasa ina shan iska."

"Baba, ba zan yi a bayan idonta ba."

"Uban wa ne ni? Nata ko naka?"

"Nata. Shi ya sa."

"To," ya ce. "Kai ma kana cikin masu murɗa ƙofa. Ba laifi. Daidai kuke yi, dukanku." Ya juya fuskarsa bango.

Da Auta ta dawo ina nan ban sauka ba. Bai juyo ba ya fara magana.

"Auta, tambaya zan yi miki, Walda shaida ne. In na mutu, ta ina za ku fitar da ni?"

"Baba, bar wannan maganar."

"Gawa ba ta zama a kujera. Miƙe take, ga ƙafa, ga nauyi. Kwanar nan ba ta wuce ni ina da rai ina taimaka muku ba. Karya ni za ku yi? Ko Mahauci za ku kira da gaske?"

Ta ajiye ledar maganin a kan gado ta fita. Na ji ta a matakala tana jan hanci. Da yamma ta zo shagona, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Yi ƙarfen, Yaya. Amma ba don yanzu ba. Don ranar. Kuma ƙarafan taga suna nan, kada ka taɓa su."

Na yi ƙarfen. Baba ne ya tsara komai daga kan kujerarsa, yana ba da umarni ta taga. Ya sa na tsayar da hannun da ƙafa biyu a kan rufi, ya sa na sake ɗinkin walda guda da bai gani ba, wai sautin gudumata bai yi masa ba. Igiya Direba ya kawo, irin wadda ake ɗaure kaya a babbar mota. Baba ya sa aka miƙo masa bakinta ta tsakanin ƙarafa, ya murza, ya sunsuna, ya ce ta yi. Ya ce ba ƙarfi ake so ba: a naɗe igiyar sau biyu a ginshiƙin tsakar gida, ginshiƙi ya riƙe nauyin, mutum ɗaya ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Kwana biyun nan sai ya zama kamar ba shi ba. Ya ci abinci, ya zagi Mahauci, ya ce wa Kafinta hannunsa kamar na mai kitso.

Muka gwada da buhunan yashi uku daga kan rufi. Suka sauko a hankali, suka wuce ta gaban tagarsa, suka sauka ƙasa ko ƙura ba su tayar ba. Yara suka yi ta tsalle.

"Yashi ya fi ni sa'a," in ji Baba.

Sai da muka naɗe igiyar na gane abin da muka yi. Mun rataye masa hanyar fita a gaban idonsa, tazarar hannu guda, muka ce sai ya mutu. Da can bango yake kallo. Yanzu igiya yake kallo tana lilo a iska, yana sane da ranar da take jira.

Bayan kwana kaɗan aka fara jin bugun.

Bututun ruwan gidan daga tankin da ke rufi yake saukowa, ya ratsa ta kusurwar ɗakin Baba, ya bi kowane hawa har ƙasa. Da hantsi ne, ina auna ƙarfe, na ji shi a bangon shagona. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Shiru. Sai a sake. Ba da ƙarfi ba, ba kuma da gaggawa ba. Matan da ke wanke-wanke a bakin famfo suka tsaya da kumfa a hannu. Kowane ɗaki a gidan yana jinsa.

Matata ta leƙo. "Ka je ka karɓe abin nan daga hannunsa. Cikina yake bugawa."

Na hau. Auta tana zaune a kwanar matakala ta haɗa kai da gwiwa. Na wuce ta. Baba yana kan kujerarsa, tsohuwar sifanarsa a hannu, idonsa biyu, hankalinsa garau.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Ina sanar da na waje ne akwai mai rai a ciki."

Ban iya miƙa hannu ba. Na sauko na zauna kusa da Auta.

"Na karɓe ta jiya," ta ce. "Ya koma yi da cokali. Na karɓe cokalin, ya yi da zoben hannunsa. Sai na mayar masa." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Yaya, ni ba muguwa ba ce."

"Ba wanda ya ce."

"Gidan nan duk suna cewa. Ba da baki ba."

Haka muka zauna cikin bugun nan kwana da kwanaki. Da safe ya yi, da rana ya huta, da la'asar ya dawo. Mutane suka daina hira a tsakar gida. Mai ɗakin hawa na biyu ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidan 'yar'uwarta. Ni kuwa na kama kaina ina jiransa, in ya yi jinkiri sai gabana ya faɗi. Kullum kuma yana ƙara rauni. Ran da ya zama sai ka kafa kunne a bango kafin ka ji, Auta ta sauko shagona da safe.

"Ɗauko injin yankanka."

Na miƙa hannu zan ɗauko shi.

"Amma ni zan ɗaura ƙullin. Ba kai ba, ba Direba ba. Tun ina 'yar ƙarama ya koya mini. In ya kwance, nawa ne."

Na yanke ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, Auta ta rufe uban da bargo saboda tartsatsi. Kafinta ya cire katakon tagar, muka fasa bulo biyu na ƙasa, ya shimfiɗa faffaɗan katako daga tsakiyar ɗaki har bakin ramin. Iska ta shigo ta ɗaga labule da takardun magani. Baba ya ce ba ya son farar rigar, a bar shi da singiletinsa da zanen da ke jikinsa. Auta ta durƙusa ta ɗaure kujerar ta kusurwa huɗu, ta haɗa su a sama da kansa, ta zagaya ƙirjinsa da wani zanen ta ɗaure a bayan kujera. Baba ya laluba ƙullin da yatsa.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wani tsoho mai taurin kai."

"Ya iya aiki."

Na sauka na kama igiya a gindin ginshiƙi. Mahauci da Direba suka tsaya a bayana, ko da za ta ƙwace. Duk gidan an fito, an manne da bango. Ƙafar ce ta fara leƙowa, miƙe, da silifas a tafinta. Sai kujerar. Kafinta da Auta suka tura ta a hankali har ta bar katakon. Hannun ƙarfen ya yi ƙara guda, igiyar ta miƙe a hannuna, ginshiƙi ya karɓi nauyin. Baba Na-Jirgi yana rataye a sararin Allah.

"Saki," ya ce.

Na saki. Igiyar tana zamewa a jikin siminti tana ɗan kuka.

"Saki. Kada ka fizga, ba akuya kake ja ba. Saki."

Ya wuce saman hawa na uku. Ya zo daidai tagar hawa na biyu.

"Riƙe."

Na riƙe. Muka jira ya ce saki, bai ce ba. Kujerar tana juyawa da shi a hankali. Daga ƙasa ba na ganin fuskarsa, sai gindin kujera da tafin ƙafa. Na ce shi ke nan, abin da Auta ta faɗa ya faru, ga shi a tsakiya, ga igiya a hannuna.

"Baba?" in ji Auta daga sama.

Shiru.

"Baba."

"Walda," muryarsa ta sauko. "Ashe an yi wa titin nan kwalta?"

Daga inda yake, ta saman katanga, ana hango titi har mahaɗa. "An yi, Baba. Tun bayan damina."

"Ba wanda ya gaya mini. Bishiyar da ke gaban mai shayi fa?"

"Masu kwaltar sun sare ta."

"Marasa mutunci." Kujerar ta juya shi gabas, ta dawo da shi. "Waccan mai jan mayafin ba matar mai niƙa ba ce? Ta yi ƙiba."

"Baba," in ji Auta, "zuciyata za ta riga ka isa ƙasa."

"To. Saki."

Ƙafafun kujerar suka taɓa siminti ba ƙara. Ba wanda ya tafa. Baba ya zame silifas ɗin ƙafarsa mai lafiya, ya ɗora tafin a ƙasa, ya murza. Numfashinsa yana fita da ƙyar, gumi ya jiƙa singiletin, amma idanunsa suna yawo a kan kowa. Mahauci ya matso ya ƙame ya sara masa.

"Da hannun dama ake yi, sakarai."

Mahauci ya sauya hannu. Aka fashe da dariya, wasu matan suna dariyar suna goge ido. Auta ta sauko da gudu, ta tsaya a gabansa tana haki, ta kama wuyan hannunsa tana jin bugun jini.

Ba mu mayar da shi sama ba, ba wanda ma ya kawo maganar. Da rana muna ajiye shi a rumfar shagona yana kallon titi, in gari ya yi sanyi mu shigar da shi ɗakina na gaba, a bar ƙofa a buɗe. Labari ya zaga unguwa. Mai niƙa ya zo ya durƙusa, ya ce injin da Baba ya haɗa masa tun kafin ya yi aure har yau shi ke ci da gidansa. Masu wankin mota suka zo, da mai gidan burodi, da wata tsohuwa da ba wanda ya gane, ta ce shekarar da rijiyar unguwarsu ta tsaya shi ya kwana biyu a bakin injin. Wasu Baba ya gane su, wasu ya ce, "Wane iri ne injin naka?" In an faɗa sai ya ce, "Af, kai ne." Wani ya kawo ƙaramin janareta a baro, wai a tayar Baba ya saurara kawai. Auta ta kore shi. Baba ya kira shi ya dawo.

Bai cika mako ba. Da hantsi ne, ina gyara ƙafar wani tebur, Auta ta shiga ciki ɗauko masa ruwa. Yana kallon wata babbar mota da ke ƙoƙarin juyawa a mahaɗa. Na ji ya ce, "Ba zai wuce ba, sai ya koma baya." Da na ɗaga gilashin fuskata, kansa ya kwanta a kafaɗa.

Bayan an kai shi, an gama karɓar gaisuwa, Auta ta tare ni a tsakar gida.

"Yaya, ka gaya mini gaskiya. Da mun bar shi a sama, da ya ƙara wata ɗaya? Biyu?"

"Ban sani ba, Auta."

"Kai da kake karanta littattafai."

"Ba ya ciki."

Ta gyaɗa kai, ta hau sama.

Hadari ya fara haɗuwa a kwanakin, mai gida ya aiko a toshe ramin kafin ruwa ya lalata masa ɗaki. Na ɗauki ƙarafan da injina na hau. Ɗakin an share shi, an naɗe katifa, kayan Baba suna ƙulle a zani guda a bakin ƙofa. Auta tana zaune a bakin ramin, a kan katakon Kafinta, ta zuro ƙafafunta waje.

"Gobe zan koma gida," ta ce ba ta juyo ba. "Bar shi tukuna, Yaya. Zuwa anjima."

Na ajiye injin a hankali, na zauna a kan katifar. A ƙasa wata tana kwashe shanya da sauri. Iska mai ƙanshin ruwa tana shigowa, tana kaɗa bakin mayafin Auta, ita kuwa tana lilo da ƙafafunta a sarari.